Yadda ake zanen da ja ke tasowa, shuɗi ya nutse ciki

Kwanakin nan tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa cikin saƙonnin da ake aiko mini, daga masu fentin allon shago a nan Yamai, da ƴan lakol masu koyon zane a waya, har da malamai masu son nuna wa ɗalibai a aji: yaya ake yin zanen nan da ja ke tasowa gaba, shuɗi kuma ya koma can ciki, alhali fuskar allon a shafe take? Wasu sun ɗauka sai da tabarau na musamman. Wasu sun ce aikin wata manhaja ce mai tsada. Babu ko ɗaya. Launi uku ne, ja da shuɗi da baƙi, sai idanunka biyu. Sai dai kowane daga cikin ukun yana da sharaɗinsa, kuma yawancin waɗanda suka ce mini sun gwada bai yi ba, ko dai a wurin baƙin suka faɗi, ko kuma sun sayi fenti tun kafin su gwada idonsu. Ga yadda aikin yake bi da bi.

1. Haɗa hoton gwaji a waya

Kada ka kashe ko dala tukuna. Buɗe PixelLab ko Canva a wayarka, ko PowerPoint in kwamfuta gare ka. Ɗauki shafi mai kusurwa huɗu daidai, ka sa masa baƙin bango. Kada ka tsinci launi da yatsa daga akwatin launuka, rubuta lambarsa da hannunka: baƙi 000000, ja FF0000, shuɗi 0000FF. Dalili kuwa, kowane ɗigo a fuskar waya ƙananan fitilu uku ne, ja da kore da shuɗi. Lambar FF0000 tana kunna ja shi kaɗai, 0000FF tana kunna shuɗi shi kaɗai. Da ka ɗan goce da yatsa, kore ya shigo, tsarkin launin ya ragu, zurfin ma ya ragu.

Zana da'ira ja a tsakiya. Bar siririn zobe baƙi kewaye da ita, sai zobe shuɗi mai faɗi, sai wani siririn baƙi, sai zobe ja a waje. Ajiye shi a tsarin PNG.

Hattara: kashe yanayin dare, wato wannan kariyar ido da ke sa fuskar waya ta yi rawaya-rawaya. Aikinta shi ne rage shuɗi, kai kuwa shuɗin kake nema. Ƙara hasken wayar sosai. Wayar da fuskarta AMOLED ce ta fi bayar da sakamako, domin baƙinta fitilu ne a kashe, ba toka-toka ba.

Hattara ta biyu: in za ka aika wa wani ta WhatsApp, aika shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba. Matse hoto da manhajar ke yi yana dagula bakin launuka, musamman inda ja da shuɗi suke, kuma bakin nan shi ne jarin aikin.

2. Gwada idonka da na mutanen gida

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowane amfani. Bayan magariba, cikin ɗaki mai ɗan duhu, jingina wayar a jikin wani abu daidai tsayin fuskarka. Fara kallo daga tsawon hannu, sannan ka ja baya taku biyu ko uku. Buɗe idanu biyu, ka ba su ɗan lokaci. Za ka ga zurfin yana ƙaruwa yayin da kake ja da baya. Yanzu rufe ido ɗaya da tafin hannu. Tazarar da ke tsakanin ja da shuɗi za ta faɗi, ko ta kusa ɓacewa. Buɗe, ta dawo.

Abin da ke faruwa a taƙaice ke nan. Ido yana lanƙwasa haske kafin ya sauke shi a bangonsa na baya, amma ba ya lanƙwasa launuka daidai wa daida. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kowane launi da tsawon zangonsa, wanda ake aunawa da wani ɗan ƙanƙanin ma'auni mai suna nanomita. Shuɗi, mai gajeren zango wajen nanomita 450, ya fi lanƙwasuwa. Ja, mai zango sama da nanomita 600, bai kai shi ba. Kuma layin da ido ke kallo da shi bai bi ta tsakiyar madubin cikin ido mai tara haske cif ba, ya ɗan kauce. Saboda haka ja da shuɗi sukan sauka a wurare masu ɗan bambanci, a idon dama ta gefe guda, a idon hagu ta ɗaya gefen. Irin wannan bambanci tsakanin idanu biyu shi ne ƙwaƙwalwa ke auna nisa da shi kullum, sai ta karanta shi a matsayin zurfi.

To, kira mutanen gida ɗaya bayan ɗaya: Baba, Inna, ƙannenka, maƙwabci in ya leƙo. Kada ka gaya musu abin da za su gani. Tambayi kowa a keɓe, "Wanne ya fi kusa da ku?" Mafi yawa za su ce ja. Za a samu mai cewa shuɗi ne a gaba, ya kuma rantse a kan haka. Za a samu wanda bai ga komai ba. Duk gaskiya suka faɗa, ba kuma ciwo ba ne, ginin idon kowa ne ya bambanta. Mai tabarau ya gwada da shi, ya gwada babu shi, domin gilashin yakan ƙara abin, ko ya rage, ko ya juya shi. Wanda idonsa ɗaya ya yi rauni ko ya karkace tun yarinta, mai yiwuwa ba zai gani ba sam. Kada a matsa masa, kada yara su mai da shi abin dariya.

Ga malamai, akwai wani gwaji da ke ɗaure wa ɗalibai kai, wanda masanin ƙasar Holan Willem Einthoven ya yi bayaninsa tun 1885. Ɗauki ƙananan katuna biyu, irin katin waya da aka kankare. Kana kallon hoton, sai ka turo su a hankali daga gefen kunnuwa har kowane ya rufe rabin baƙin ɗigon tsakiyar ido na waje. Shuɗi zai taso gaba. In kuwa ta gefen hanci ka rufe, ja ne zai ƙara tasowa. Hoto ɗaya, ido ɗaya, sakamako biyu.

Gargaɗi: katin ya tsaya a gaban gashin ido, kada ya taɓa idon. Yara ƙanana kada su yi sai da babba a kusa. Wanda ya ji kansa na sarawa ko idonsa na ruwa, ya dakata haka nan.

Darasin da mai allo zai ɗauka a nan: tunda cikin masu wucewa akwai waɗanda za su ga abin a juye, da waɗanda ba za su gani ba, dole zanenka ya yi kyau ya kuma ba da ma'ana ko da zurfin bai fito ba.

3. Tsara zanen

A nan gwaninta take, don haka zan ɗan daɗe.

Na farko, bango baƙi. A kan farin bango abin yakan yi rauni, ga mutane da yawa ma yakan juye, shuɗi ya dawo gaba. Wanda ya zana ja da shuɗi a farar takarda ya ce bai ga komai ba, bai yi laifi ba, wurin ne bai dace ba.

Na biyu, yawan baki. Ƙwaƙwalwa ba ta auna zurfi a tsakiyar babban fili mai launi ɗaya, a bakin siffa take aunawa, inda launi ya ƙare baƙi ya fara. Faffaɗan ja guda ɗaya kusa da faffaɗan shuɗi guda ɗaya ba ya bayar da abin kirki. Amma ka yayyanka shuɗin ya zama ɗige-ɗige, ko saƙar raga, ko ƙananan alkaki, ka ɗora jan zane a tsakiyarsa, nan take za ka ga bambanci. Kuma tunda idanunmu a jere suke dama da hagu, layukan tsaye da na karkace su ne ke ɗauke da zurfin. Dogayen layukan kwance, daga wannan gefe zuwa wancan, kusan ba su ƙara komai. Masu zana ratsin kwance kamar na tuta su lura da wannan.

Ba sai ka je nesa neman siffa ba. Dagin Arewa da jan layi a kan shuɗin saƙar tabarma yana fita ƙwarai. Haka giciyen Agadas, haka aska biyu ko aska takwas irin na wuyan babbar riga in shagon tela ne, haka zanen da dukawa ke yi a jikin fata. Duk siffofi ne masu yawan kusurwa da lanƙwasa.

Na uku, bar ratar baƙi tsakanin ja da shuɗi. In suka haɗu kai tsaye, bakin yakan yi ta rawa a ido, mai kallo ya gaji da wuri. A waya siririn layi ya isa. A allon da za a hango daga tsallaken titi, ratar ta kai faɗin yatsa ko fiye.

Na huɗu, kada ka ba ƙwaƙwalwa saƙo biyu masu karo da juna. In shuɗin layi ya haye kan ja ya yanke shi, ido zai ce shuɗi ne a sama, launi kuma ya ce ja ne, sai zurfin ya mutu. Inda za su gitta, ja ne zai yanke shuɗi. Ka bar inuwa, ka bar launi mai dusashewa daga duhu zuwa haske, ka bar ƙyalli na ado. Ja da kore ma suna yi, amma bai kai ja da shuɗi ba, domin zangonsu ya fi kusa da juna.

Gargaɗi, kuma wannan ina roƙo ne: kada ka rubuta lambar waya, ko farashi, ko sunan kaya da shuɗi a kan baƙi, ko da ja a kan shuɗi. Ido ba ya iya daidaita ja da shuɗi lokaci ɗaya, in ɗaya ya fito tas, ɗayan zai ɗan yi hazo, kuma ƙananan haruffa shuɗi su ne suka fi wahala. Na sha ganin dattijo ya tsaya gaban irin wannan allo yana ƙanƙance ido, ya matsa gaba, ya ja baya, daga ƙarshe ya kira yaro ya karanta masa lambar. Allon da ya sa mai saye haka ya ci amanar mai shagon. Rubutun da ake son a karanta a yi shi da fari ko rawaya, manyan haruffa, a ƙasan allon, nesa kaɗan da adon. Zurfin launi na tambari ne da kwalliya.

4. Zaɓi hanya, ka san inda kuɗin zai tafi

Hanyoyi huɗu ne, ƙarfinsu kuma ba ɗaya ba ne. Fuskar waya ko talabijin ita ce ta fi, kuma kyauta ce. Mai bi mata ita ce fitilun LED ja da shuɗi da aka jera a kan baƙin allo, domin haskensu tsantsar launi ne, sai dai akwai kuɗin fitilun da na mai haɗa wuta, kuma da dare kawai suke burgewa. Fenti yana tsakiya: zurfinsa bai kai na waya ba, amma yana fita in an yi shi da kula. Bugu a kan bash, wato ledar da ake buga talla a kai, shi ne mafi rauni. Injin bugu yana haɗa shuɗinsa daga tawada biyu, ba zai iya kai shuɗin 0000FF ba, yakan fito da duhu ko ya karkata wajen ruwan shanshanbale, baƙin kuma ya yi toka.

In dole sai bugu, tunda da murabba'in mita ake lissafin kuɗin bash, nemi a fara buga maka ɗan guntu mai girman takardar A4, ka kai shi inda za a rataye allon ka duba. Ka ce a sa baƙi mai kauri, wanda aka haɗa da sauran tawadojin, ba baƙar tawada kaɗai ba. Ka nemi bash marar ƙyalli in akwai.

In fenti ne, kuɗin zai tafi ga allon kansa, na katako ko na kwano, da farin fentin shimfiɗa, da ja, da shuɗi, da baƙi, da ruwan tsinka fenti, da takardar goge katako, da sikoc na takarda, da burushi babba ɗaya da ƙanana biyu ko uku. Don allon ƙofar shago ƙananan gwangwanaye sun isa ja da shuɗi. Fari da baƙi ne ke tafiya da yawa. A Kasuwar Katako za ka haɗa kusan duka a zagaye ɗaya. Taya a shago biyu ko uku kafin ka biya, kuma in aikin wani kake yi, ka sa kuɗin gwaji da na shafi na biyu cikin lissafi tun farko, kada ka koma kana roƙon ciko.

5. Zaɓen fenti

Kada ka yarda da launin da ke jikin murfi. Ce wa mai shago, "Alhaji, a ɗan buɗe mini in gani," ka ɗiga a kan farin guntun katako. Jan da kake nema ja ne wur, wanda bai karkata wajen ruwan goro ba, bai kuma yi duhun ruwan hanta ba. Shuɗin kuwa irin na bular wanki, mai zurfi. Ba ruwan sararin samaniya ba, ba mai ɗaukar kore ba.

Baƙin ya zama marar ƙyalli. Baƙin fentin mai irin na ƙofar ƙarfe yana maido da hasken rana da fitilun motoci, sai bangon ya daina zama duhu. Fentin allon makaranta, wanda ake ce wa ardwazin, yana yin aikin nan sosai in allon zai zauna a ƙarƙashin rumfa.

Hattara: shuɗi mai zurfi yana da duhu, za ka ji kamar ka zuba masa fari don ya fito. Ɗan kaɗan ba laifi. Amma fari ya ƙunshi dukkan launuka, duk cokalin da ka ƙara yana cin zurfin. Kada kuma ka gauraya fentin ruwa da na mai, kuma na ruwa ba ya kama jikin na mai mai santsi. Tsaya a kan iri ɗaya, ko ka gwada a guntu tukuna.

6. Shafawa: fari, sai launi, baƙi a ƙarshe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara shafe allo da baƙi, sannan a ɗora ja da shuɗi a kai. Baƙin yakan shanye su, ja ya koma ruwan ƙasa, shuɗi ya ɓace. Juya tsarin.

Goge allon ya yi sumul, ka share ƙurar. Shafe shi duka da fari, shafi biyu, ka bar kowane ya bushe yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. Fitar da zanenka da fensir, mara-mara. Shafa shuɗi a wurarensa, ka bar shi ya ɗan wuce layin fensir. Ya bushe, ka ƙara shafi. Haka za ka yi wa ja, da burushinsa daban. Ja yakan nemi shafi biyu, wani lokaci uku, kafin ya daina nuna farin da ke ƙasa. Kada ka yi ƙyashin wannan.

Bayan sun bushe sarai, rufe siffofin da sikoc, ka yanke bakinsu da reza daidai yadda kake so su fito, ka danne gefen da farce. Sannan ka bi duk sauran wurin da baƙi, har da ratar da ke tsakanin launukan. Baƙin ne zai yanke bakin ja da shuɗi ya fitar da su da kaifi, kuma tunda launukan sun wuce layi, babu farin da zai leƙo. Siririn farin layi guda a gefen ja ya isa ya lalata wurin. Masu hannu tsayayye suna iya yankewa da ƙaramin burushi ba tare da sikoc ba.

Hattara: sikoc a kan fentin da bai gama bushewa ba zai ɗago shi. Ka ba shi kwana. Cire sikoc ɗin kuma tun baƙin bai ƙanƙare ba, a hankali, kana jan sa baya. Yi aiki da sassafe. A bazara, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, saman fenti yakan bushe cikinsa da danshi, ya yi yamutsi. A hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, sai ka shigar da allon inda iska ba ta bugawa, amma taga a buɗe saboda warin. Ruwan tsinka fenti yana kama wuta, a nisanta shi da murhun shayi da sigari. Kada ka bi aikin da wani mai mai ƙyalli a ƙarshe.

7. Kafawa da kula

Nemi inuwa. A ƙarƙashin rumfa ko a bangon cikin shago zurfin ya fi fita, domin tsakar rana tana wanke baƙi, tana kuma kashe ja cikin sauri fiye da yadda ake zato. Allon ya fuskanci masu tahowa sosai, kuma a samu fili a gabansa, tunda daga nesa kaɗan abin ya fi armashi. Da dare haska shi da farar fitilar LED daga sama, a karkace. Ƙwan fitila mai rawayan haske yana kashe shuɗi ya mai da shi kusan baƙi.

Ƙura takan mai da baƙi ruwan toka cikin ƴan kwanaki lokacin hazo. A goge da tsumma mai ɗan danshi, ba da busasshe ba, don kada yashi ya karce shi.

In ka kafa, ka tsallaka titi ka duba, zurfin bai fito ba, bincika dalilin da wannan jeri. Riƙe wayarka da hoton gwajin kusa da allon. In a wayar ma ba ka gani a wannan wurin, haske ne ya yi yawa, sai a sake wuri ko a ƙara rumfa. In wayar ta yi, allon bai yi ba, dubi baƙin ko yana ƙyalli, sannan shuɗin ko fari ya yi masa yawa, sannan gefen siffofin ko fari ya leƙo. In duk waɗannan lafiya lau suke, siffofin ne suka yi faɗi da yawa. Ɗauki ƙaramin burushi da baƙin da ya rage, ka ratsa shuɗin da layukan tsaye ko na raga, ka sake tsallakawa ka duba.